Taɓaryar Inna Uwani

Taɓarya tana sama Haladu ya faɗo gidan maƙwabciyarsa Saudatu, ko sallama babu. Mahaifiyarsa, Inna Uwani, ta sake ta cikin turmi, ta tsaya tana share gumi da gefen zane.

"Inna! A gidan mutane?"

"Surfe nike taya ta. Mi ya yi zafi?"

Tun da 'yan bindiga suka hana noma a ƙauyensu na wajen Nasarawa Burkullu, Haladu ya ɗauko ta ya kawo ta Gummi, ya ba ta katifa da fanka, ya ce ta gama wahala. Tsohuwa ce da ta ga bayan duk sa'o'inta, har yau tana zura zare a allura. A ƙauye cewa ake yi aljanin tsamiya ke riƙe da ita. Ita kuwa ta san daka ne, da fura, da hirar bakin turmi. Da zama ya yi zama a Gummi sai ƙafafunta suka kumbura kamar kabewa, barci ya ƙaurace mata. Shi ne ta saci jiki ta kai tsohuwar taɓaryarta ta iccen ƙirya gidan Saudatu.

"A kasuwa anka tare ni," in ji Haladu, "wai uwar Alhaji tana aikatau!"

"Ɗana, dubi ƙafata, kumburin ya sace. Ko malamar asibiti cewa ta yi in riƙa motsa jiki."

"To ki zagaya tsakar gida mana."

"Kamar jaki a turke?"

Saudatu ta ce, "Alhaji, ka bar ta. Wallahi ta fi ni hannu."

"Ba da ke nike ba." Ya juya wajen uwarsa, idonsa ya kawo ruwa. "Da hannun nan kinka ciyar da mu, Inna. In na bar ki kina daka, mi zan ce ma Allah?"

Ya saɓa taɓaryar a kafaɗa ya fita.

Wunin ranar a kan katifa ta yi shi. Tana jin daka ta bayan katanga, tana gane mai yi: wannan raguwa ce, waccan da fushin miji take yi.

Bayan la'asar Haladu ya dawo da wani abu nannaɗe a ƙyalle. Matarsa Rufaida da yara suka taru. Ya warware, sai ga sanda sumul, an shafe ta da mai, an sa mata roba a gindi.

"Masassaƙi na kai ma taɓaryar. Ya ce bai taɓa ganin icce mai kyanta ba."

Inna Uwani ta karɓa ta sansana. Ƙarƙashin man, ƙanshin gero yana nan. Haladu ya durƙusa gabanta yana jira.

"Allah shi yi maka albarka," ta ce.

"Gwada mu gani, Inna."

Ba ta taɓa dogara sanda ba a rayuwarta. Ta miƙe don kada ta kunyata shi gaban iyalinsa, da niyyar ta ɗan taɓa ƙasa da ita kawai. Kafin ta kai bakin ƙofa sai ta ji duk nauyinta ya koma kan iccen.

"Kun gani ko?" in ji Haladu, yana murmushi. "Da ma tana bukata."