Wanke-wanken Dinanath

Sulochana ta karɓe tukunyar daga hannun mijinta, ta jujjuya ta tana neman inda bai wanku ba. Tas take, abin da ya ƙara dagula mata lissafi ke nan. Tun aurensu Dinanath bai taɓa ɗauke ko kofin shayinsa ba. Sai da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ya kama zarya wurin wani malamin yoga a bakin kogin Ganga, sannan ya koma shara da kwaɓa fulawar gurasar roti, har da matsa mata ƙafa. Namiji dai ba ya gyaruwa haka kawai. Ƙanwarta ta ce wata mace ya gano, Sulochana ta ce wace mai tsautsayi ce za ta kwashi tsoho mai tari irin wannan.

Da hantsi ta ce za ta kasuwa, ta zarce Rishikesh, garin malamin. Ta tarar da malamin zaune cikin mayafi ruwan goro. Ta taɓa ƙafarsa kamar yadda ake gaida manya, ba don ranta ya so ba, ta tambaye shi abin da yake cusa wa mijinta.

Tsohon malamin bai yi wani kwana-kwana ba. Ya ce Dinanath ya roƙi mayafin masu barin duniya, waɗanda suke yi wa kansu jana'iza da ransu, su bar gida ba waiwaye. Shi kuwa ya ce masa hanyoyin yoga suna da yawa, ya fara da ta aiki: ya je ya yi wa iyalinsa hidima, hannu yana yi, zuciya ba ta manne ba.

"To, Swamiji, duk kulawar nan da yake mini fa?"

"Koyon sakinki yake, 'yata. Amma ba zan ba shi mayafin ba sai kin yarda."

Ta tambayi yadda ake gane mutum ya gama koyon. Ya ce ranar da Dinanath ya dube ta bai ga matarsa ba, sai uwa, kamar kowace mace.

Duk hanya tana tanadin faɗa. Ba za ta yarda ba, ko sama da ƙasa za su haɗu. Dinanath ya buɗe mata ƙofa, ya karɓi jakarta, fuskarsa a sake, babu ko alamar tuhuma.

"Kin sha rana, Uwa. Zauna in kawo miki ruwa."

Ta zauna. A'ar da ta ɗauko tun daga bakin kogi tana nan a bakinta, ta rasa wanda za ta faɗa wa.