Ruwan Kajin Baba

Baba yana kiran 'yarsa Likita, ko da yake ta gaya masa ya fi sau ɗari ita ba likita ba ce, ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce a asibiti. "To wa ke gaya wa likitan abin da zai rubuta?" in ji shi. Ta gaji ta ƙyale shi.

Yanzu ga Baban kwance a ɗaki na huɗu, kwana tara zazzaɓi ya ƙi sauka. Ciwon mafitsara ne ya shiga jini. An gwada magani uku, kamar ana zuba ruwa a kwando. Har aka buɗe kabad ɗin da ake kullewa aka ɗauko maganin ƙarshe, wanda ba a taɓawa sai an rasa yadda za a yi. Shi ma shiru.

Da hannunta ta shuka ƙwayoyin cutar jininsa a farantin gwaji, ta jera 'yan takardu masu magani, kowace kamar maɓallin riga. In magani yana aiki, sai ka ga fili fayau kewaye da takardarsa. Da safe ta ɗaga farantin. Ƙwayoyin sun mamaye ko'ina, sun hau har kan takardar maganin ƙarshen sun yi zamansu. Tsoro ya kama ta, amma har da wani abin da ta ji kunyar ji: mamaki. Abin da ido ba ya gani, ba kai ba ƙafa, ya gagari masana na duniya!

Ranar ta je gidan gonarsa, don ko a cikin zafin ciwo maganarsa ɗaya ce, kaji. Kaji dubu biyu suka tarye ta da kuka. Kusa da tankin ruwa ga tsohon cokalinsa rataye da igiya, ga buhun farin garin da yake zuba musu don su yi saurin girma. Baba bai yarda da ma'auni ba. Shekara goma sha biyu yana zuba garin, ya dama da hannu, ya kamfato ruwan daga mazubin da kajin ke sha ya kurɓa. "In bai yi ɗaci a harshena ba, bai isa ba," haka yake cewa. Ta juya buhun ta karanta ƙananan rubutun da ke baya. Sai ta zauna a kan bokiti. Maganin da suke kullewa a kabad ne, ga shi nan buhu guda, bakinsa a buɗe.

Ta ɗebo ruwan mazubin a kwalba, ta shuka shi a farantin gwaji. Bayan kwana biyu ta ajiye faranti biyu a gaban shugaban ɗakin gwajin, na Baba da na kaji. Kamar an tsaga kara.

Shugaban ya cire tabarau. "Ikon Allah! Kin san abin da ya fi ba ni tsoro? Ƙwayoyin nan ba 'ya'yansu kawai suke bar wa gadon dabarar gagarar magani ba. Wadda ta koyi dabarar sai ta matso kusa da maƙwabciyarta ta miƙa mata, ko ba danginsu ɗaya ba. Daga kaza zuwa ruwa, daga ruwa zuwa cikin mutum."

"Ranka ya daɗe, babu abin da ya rage?"

Ya nuna gefen farantin da farcensa. Wani tsohon magani da aka daina yayinsa, kewaye da shi ɗan siririn fili, bai fi faɗin ƙwayar shinkafa ba.

Ta rufe farantin da leda ta kai wa Baba. Ya rame, idanu sun faɗa, amma bakin yana nan.

"Likita, kin sa musu garinsu? Kin ɗanɗana?"

"Ban sa ba, Baba." Ta gaya masa komai, ba ta rage ko ɗaya ba.

Ya karɓi farantin da hannu biyu ya ɗaga shi saitin taga. Ya daɗe yana kallo.

"Waɗannan 'yan mitsi-mitsin? Wato shekara goma sha biyu ina musu makaranta, kullum da safe, kuma ni ne ban sani ba." Ya girgiza kai. "Kai, amma sun yi ƙoƙari. Ke ma ba ki kai su ɗaukar karatu ba."

Ta yi dariya, hawaye na zuba.

Nas ta shigo ta rataya ledar tsohon maganin, ta jona masa a hannu. Baba ya bi ɗigon farko da ido har ya shige jijiyarsa.

"Wannan ne na ƙarshen?"

"Shi ne, Baba."

"To ki riƙe sunansa a cikinki," in ji shi. "Ko na warke na roƙe ki, kada ki gaya min."