Makarantar Rugar Kawu

A shekarar 1994 ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ba shi da mota. Babur ɗaya gare shi, shi ma wahalar man fetur ta sa an jingine shi. Don haka sufetocin makarantu suka koma bin motar haya. Hanyar Rugar Kawu kuwa ba ta ganin mota sai ranar Alhamis, ranar da kasuwar Maigatari take ci.

Malama Magdalena ce ke riƙe da makarantar rugar. 'Yar Kafanchan ce, aikin mijinta ya kawo ta ƙasar Gumel, bayan ya rasu ba ta koma gida ba. Aji ɗaya ne mai rufin kwano, mutanen rugar suka gina da hannunsu. Ranar Alhamis ajin yakan zama wayam: yara maza na taya iyayensu kora shanu kasuwa, mata na ɗaukar nono. Tun farko ta daidaita da Kawu, dattijon rugar, aka mayar da karatun Alhamis zuwa Asabar. Ofis bai sani ba, don bai taɓa tambaya ba.

Da labari ya zo cewa za a rufe makarantun da ba su da ɗalibai, ta roƙi Kawu a bar mata yaran ranar kasuwa. Aka bar su. Suka zauna da wankakkun kaya har azahar, sufeto bai zo ba. Alhamis ta gaba ma haka, kuma ranar wani maraƙi ya ɓace a hanya saboda ƙarancin masu kora. Daga nan bakinta ya yi nauyi, ba ta sake roƙo ba. Ran Alhamis ta uku ne Malam Ubale, sufeton, wani Babarbare, ya diro daga bayan a-kori-kura.

Ya leƙa ajin, ya dubi bencina.

"Malama, ina 'yan makarantar? Ko aljanu kike koyarwa?"

"Sun tafi kasuwa, ranka ya daɗe. Ka zo ran Asabar, wurin tsayawa ma ba za ka samu ba."

"Gwamnati ba ta aiki ran Asabar. Ni abin da idona ya gani zan faɗa."

Kawu, wanda ciwon ƙafa ya hana shi zuwa kasuwa, ya ƙaraso yana dogara sanda.

"Kai Babarbare, bawana! Ka zo gidan mutane ranar da ba sa nan, ka ce kango ne?"

Ubale ya yi dariya. "Baffa, ku da saniya ta fi muku biro? Kawo fura in sha, in yafe maka."

Ya sha furar, ya yaba, ya ce zai ambaci maganar Asabar ɗin. Da motar ta juyo daga kasuwa ya bi ta.

Magdalena ta yi ta zarya a ofis. Yau sakataren ilimi ya tafi taro Dutse, gobe yana wurin ciyaman. Ranar da ta same shi ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce an riga an yanke. An haɗe makarantar da ta cikin gari, ita ma can aka mayar da ita. Daga rugar zuwa can sai mutum ya yi rabin wuni a ƙafa.

Ta sanar da yaran ran Asabar, ajin cike, wasu a tsaye a taga. A'i, wadda ta fara haɗa baƙi a wannan zangon, ta tambaya ko su zo Litinin.

"A'a, 'yata. Kada ku zo."

Bayan sun watse, Kawu ya daɗe a bakin ƙofa.

"Maza biyu ko uku za su iya tafiyar," in ji shi. "Matan kam ba zan yi miki ƙarya ba." Ya ɗaga kai ya dubi rufin. "Ɗakin fa, Malama, nasu ne ko namu?"

"Naku ne, Baffa."

"To. Sai mu zuba harawa a ciki."

Ta ce hakan ya yi. Ta miƙa masa makulli.