Tankin da Bai Faɗo Ba

…kuma wai shi ne zai ba da haƙuri. Shi, Ubaidullahi. Ga shi nan kuwa an ajiye shi a zauren surukinsa a Boɗinga, takalma a waje, gwiwa a ƙasa tun mai gidan bai fito ba. Bappa Nuhu, ƙanen mahaifinsa, yana gefe yana jan carbi yana harararsa ta wutsiyar ido. Zafi. Warin albasa ko ta ina — gidan Alhaji Mode ke nan, ko ruwa aka kawo maka sai ka ji albasa a ciki. Yau ma ba a kawo ruwan ba.

Tun daga Shagari Bappa ke biya masa karatu a bayan babur, baki a kunne. "Ka ce Shaiɗan na. Ka ce ba ka ƙarawa. Shi ke nan, a ba ka matarka da ɗiyarka mu tahi gida."

Ba ya ƙarawa. Ba ya ƙara me? A faɗa masa mana, me ne ne ba zai ƙara ba?

Alhaji ya haƙa wa ƙauyensu na asali, Dandin Mahe, rijiyar burtsatse — Allah ya saka masa, wannan ba wanda ya ce a'a. Ranar ɗora tankin ƙarfe a kan gadonsa aka ɗauko motar ƙugiya daga Sakkwato. Shi kuwa hutu ya zo daga teku, inda wannan ne aikinsa, abincinsa: ɗaure kaya, ba mai ƙugiya alama da hannu, a kan dandamalin haƙar mai inda duk inda ka juya ruwa ne. An gayyace shi? An gayyace shi. A matsayin mijin ’ya, ya zo ya tsaya can baya ya ce amin. Ba wanda ya ce Ubaidu leƙa mana. Leƙa me? Tanki ne kawai, ɗagawa za a yi a ajiye.

Ya leƙa duk da haka, ido ba ya jin magana. Bel ɗin da aka ɗaure tankin da shi… wayyo, bel! Ya yi gashi, zare duk ya tashi, an ma ƙulle shi a tsakiya inda ya taɓa tsinkewa. Ƙulli! A teku ko a kwandon shara ba a jefa irinsa sai an yanka shi gunduwa-gunduwa, don kada wani mai tsimi ya ɗauko. An goga shi a kaifin ƙarfe ba ko ƙyalle a tsakani. Ƙafar motar ɗaya a kan bulo, bulon a kan taɓon da haƙar rijiyar ya bari. Direba na leƙe ta taga, mutum goma suna yi masa ihu — sama! a’a, dama! sake kaɗan! — kowa ya zama injiniya, har mai sayar da rake.

Ya tuna sanyin ɗakin horo a Fatakwal. Wancan gajeren malamin mai jar riga, wanda ba ya dariya. Ya fitar da su fili, ya sa wa kankana hular kwano, ya ajiye ta ƙarƙashin wani ƙarfe da aka rataye, wanda bai kai injin niƙa girma ba. Ya ɗaga yatsa. Aka saki. Ƙwayar kankana har a wandon Ubaidullahi, ja, tana gangarowa… ba wanda ya yi tari. Hula don sifana da ƙusa aka yi ta, in ji malamin, ba don wannan ba. Ba a tsayawa ƙarƙashin kaya. Mutum ɗaya ke ba mai ƙugiya hannu. Kowa, ko mai shara ne, in ya ga abin da bai gamsu ba yana iya tsayar da aiki, kuma manaja kansa sai ya tsaya. A maimaita. A sake maimaitawa. Da takardarka ta tsufa a mai da kai aji kamar ba ka taɓa ji ba, har abin ya bar kai ya koma ƙafa da hannu. Laifinsa ne da abin ya shiga? Ba don ya shiga aka koyar ba?

Bappa ya yi gyaran murya. Wata yarinya ta leƙo daga cikin gida ta koma da gudu. Ba ɗiyarsa Bahijja ba ce. Bahijjarsa tana can ciki, bango ɗaya tsakaninsu, wataƙila ma ta ji ƙarar babur ɗin, ta san shi… an riƙe ta ke nan.

Ranar nan tanki ya tashi, yana lilo a sama, sai ga Alhaji da babbar riga fara sol, liman a dama, manyan gari a hagu, sun nufi ƙarƙashinsa. Ƙarƙashinsa! Wai sai mai abin ya taɓa gindin tankin da hannunsa ya yi bisimilla kafin ya hau, a yi addu’a a wurin, albarka ta bi ruwan. Wa ya hana addu’a? Daga gindin darbejiya ba ta isa sama? Wayoyi duk sun tashi, kowa na ɗauka. Bel yana kuka — shi ya ji, wallahi ya ji, wannan siririn kukan da zare ke yi in ya fara sallama.

Ya buɗe hannuwa biyu yana kaɗawa, alamar a tsaya nan take, alamar da duk mai ƙugiyar da ya taɓa zama a aji ya sani ko daga barci aka tashe shi. Direban ya dube shi. Ya yi murmushi. Ya ɗaga masa hannu — ya amsa gaisuwa! Gaisuwa, jama’a.

To sai me? Ya kira surukinsa? Da wane baki? Mutumin da tun da aka ɗaura aure bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, in sun haɗu a hanya sai ya sauka daga babur ya tsuguna. Sunansa ma ba ya iya faɗa, ko a bayan ido. “Baba,” ya ce. Shi kansa bai ji ba. “Baba…” Kai malamin Fatakwal, kai da ka ce kowa na iya tsayar da kowa — ka taɓa yin suruki a ƙasar Sakkwato? A wane darasi ka koyar da yadda ake cewa uban matarka matsa daga nan? Manaja mai sauƙi ne. Manaja bai ba ka ’yarsa ba.

Ƙafa ce ta tafi, ba shi ba. Ya ji rigar Alhaji a hannunsa, shadda mai kauri, ya fizga da duk ƙarfin da yake jan igiya a teku, suka tafi tare — taɓo. Hula can. Carbi can. Farar riga… Alhaji Mode, mai buhunan albasa har Legas, kwance a laka a gaban ƙauyen da aka haife shi, mijin ’yarsa a kansa. Liman ya daskare da hannu a sama.

Tankin kuwa? Tankin ya yi lilo, ya yi ƙara, ya juya — ya je ya zauna a gadonsa daram. Aka yi kabbara.

Bai faɗo ba. Shi ke nan laifinsa. Bai faɗo ba! A teku ranar da ba abin da ya faru ita ce ranar da aka yi aiki, har a tara ku a ce madalla. A nan in ba abin da ya faru, kai ne mahaukaci. Ga ruwa can yana zuba a Dandin Mahe, mata suna ɗiba suna sa wa Alhaji albarka, shi kuma yana yawo a wayoyin mutane, an ma sa wa abin kiɗa, an rage masa gudu don a ga yadda hular ke tashi. A kasuwar Shagari tela na hango shi sai ya ce wa mutane ku fito daga ƙarƙashin rumfa, ga Ubaidu nan tafe. Dariya. Shi ma wai ya yi dariya, in bai yi ba a ce girman kai, ya sha ruwan gishiri ya manta gida.

Sai kwana ya ƙare, in ji su. Haka ne, wa ya musa? Amma Alhajin nan da kansa ke shiga rumbun albasa yana juya ta ɗaya bayan ɗaya, yana fitar da mai taushi don kada ta ɓata sauran. Bai taɓa cewa a bar ta sai kwananta ya ƙare ba. Albasa a tsare ta, kai kuma a kai shi ƙarƙashin ƙarfe? Wannan zai faɗa. In Alhaji ya fito wannan zai… a’a. Ba zai faɗa ba. Ya san ba zai faɗa ba, ko ɗaga kai ba zai iya ba.

Mufida, matarsa. Ke ce kika fi ba shi haushi, ke. Da kin yi ihu da ya fi. Ya shigo gida da laka har wuya, ya tarar labari ya riga shi, kina ninke kayan Bahijja a hankali kamar mai shirin zuwa suna. Ya fara bayani — bel, ƙulli, bulo — kika ɗago. “Ubana na, Baban Bahijja. Gaban mutane.” Shi ke nan. Da la’asar ƙanenki Isma’il ya zo da mota, ko sallama bai yi masa ba. Ubanki ne, eh! Don ubanki ne ai! Da wani ne da ya tsaya ya yi ta ihu daga nesa. Kin fi son uba mai farar riga a likkafani, ko mai laka yana numfashi? Ke da kike kiransa a waya duk lokacin da aka ce an yi iska a teku, ki ce ka kula da kanka, ka bi dokarsu. Ya bi dokarsu. Ga inda ta kawo shi.

Hutu kuma yana ƙarewa. In ya koma ruwa ba a gyara ba, ya san yadda abin ke tafiya: yaji ya zama zama, zama ya zama magana, manya su shiga, ya dawo ya tarar an gama yanke komai ba shi. Kalma biyu ce tsakaninsa da gidansa. Shaiɗan ne. Ba na ƙarawa. Bappa ya yi gaskiya, ba tsada… Amma a ce Shaiɗan? Abin da ya zauna aji ya koya, abin da ke dawo da shi gida da yatsunsa goma, a laƙaba wa Shaiɗan? Kuma in gobe Alhaji ya sake shiga ƙarƙashin wani ƙarfen — zai shiga, ai an ce masallaci ma za a sa wa tanki — sai ya naɗe hannu ya ce amin, don ya yi alkawari a zaure?

Da ma ya faɗo.

Da ma ya faɗo, bayan ya janye shi, ya daki wurin nan daidai inda takalmin Alhaji ya tsaya, ƙasa ta girgiza, kowa ya gani da idonsa. Da yanzu shi ne a kan kujera a zauren nan. Da Mufida… da tela… Tun ranar yake wannan fatan, yanzu ya kama kansa, a sallah ma yana zuwa masa: bel ya tsinke, ƙarar, shirun da zai biyo baya, fuskokinsu. Daɗi yake ji in ya tuna. Daɗi! To amma — liman fa? Liman bai matsa ba. Manyan garin ba su matsa ba. Mutum ɗaya ya janye, nasa, ya bar sauran a tsaye a wurin da hannuwa a sama. Da ya faɗo… Inna lillahi. Me yake roƙo ke nan duk kwanakin nan? A kan wa?

Motsi daga cikin gida. Bappa ya cusa carbi a aljihu, ya gyara zama, ya taɓa shi da gwiwar hannu. “Ga shi nan. Ka tuna abin da nac ce maka.”

Tafiyar ba ta Alhaji ba ce. Alhaji da sauri yake tafiya, takalminsa na kaɗa ƙasa, yara su watse tun daga nesa. Wannan a hankali take, ana jan ƙafa ɗaya… da wani abu kuma, ƙwas, sai shiru, ƙwas. Sanda. Ubaidullahi bai ɗaga kai ba, ba a ɗagawa, amma ƙasan labulen yana gabansa: ga bakin sandar ya shigo, sabuwa, ko dauɗa ba ta yi ba, ga ƙafar Alhaji ta dama tana binta da ƙyar. Ba wanda ya faɗa masa. Mufida ba ta… Bappa ya sani? Tanki bai taɓa kowa ba a Dandin Mahe. Shi, Ubaidullahi, shi ne ya taɓa mutum.

Kuma da za a mai da shi wurin, da bel ɗin nan, da kukan nan — zai fizga. Zai sake fizga, ya sani, ƙafarsa ta sani.

“Sannunku da zuwa,” in ji tsohon, yana neman bango da hannu kafin ya zauna.

Bappa ya amsa, ya yi doguwar gaisuwa, ranka shi daɗe, ya jiki, ya ƙarfin jiki, sannan ya bar wa ɗan wansa fili. Ubaidullahi ya buɗe baki. Ya gaji, wallahi ya gaji, kamar wanda ya wuni yana jan igiya… Suna jira. A can ciki wata ƙaramar murya tana tambaya ko babanta ne ya zo, ana ce mata yi shiru.