Gwangwanin Maganin Rabi

Abin ya fara ne da kakar bara, lokacin da Rabi ta zame a bakin rijiya ta bugu a ƙugu. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu a Dutsin-Ma. Sana'arta surfe da tankaɗe, aikin da ba a yin sa a kwance, don haka ta aika kemis aka sayo mata tiramol. Da farko ƙwaya ɗaya take sha da safe. Kafin damina ta faɗi ta koma haɗawa da maganin barci, kuma ta taɓa gaya mini idan ba ta sha ba jikinta rawa yake yi.

Ranar da ta rasu, na dawo daga makarantar da nake koyarwa na leƙa in karɓi garina. Na tarar da ita kwance ƙarƙashin rumfa tana minshari mai nauyi. Mahaifiyarta, Inna Kulu, wadda ta zo daga Rawayau, tana kore mata ƙuda da mafici.

"Yi a hankali, Malama," in ji ta. "Yau dai Allah ya ba ta barci."

Da la'asar aka tashe ta salla, ba ta motsa ba. Aka kira Sista Priscilla, ma'aikaciyar jinya da ke haya a ƙarshen layinmu. Bayan ta duba ta, ta tsayar da ni a zaure ta ce minsharin nan numfashi ne yake ƙarewa, ƙwayoyin ne suka yi mata yawa.

A wurin zaman makoki aka ce ciwon zuciya ne. Wata gwaggon Rabi da ta zo daga Maraɗi ta ce su ma a can bana sun binne mata biyu haka, daga kwanciyar rana. Na ɓoye abin da Sista ta gaya mini. An hore mu da rufa wa mamaci asiri, ga kuma Hafiza, ɗiyar Rabi, da za ta girma da duk sunan da unguwa ta laƙaba wa uwarta.

Ranar sadakar uku Inna Kulu ta raba wa mata tsofaffin zannuwan marigayiya. Daga nan ta fito da gwangwanin madara cike da ƙwayoyi. Ta ce magani ne mai kyau, bai kamata ya lalace ba; duk wadda ta sha ta ji sauƙi, ladan zai iske Rabi a kabari. Ta zuba wa Aishatu maƙwabciyarmu, mai goyo, wadda ke fama da ciwon baya tun haihuwa.

"Biyu-biyu Rabi take sha, ta ɗora wannan ƙaramin," in ji Inna Kulu.

Aishatu ta yi godiya, ta ƙulle a bakin zane ta tafi.

Da mutane suka ragu na bi Inna ɗaki, na durƙusa na faɗa mata abin da Sista ta ce.

"Ajali ne ya ɗauke ta," ta ce. "So kike a ce ɗiyata 'yar ƙwaya ce? Hafiza ta shiga ina?"

"Ajali ne, Inna. Rabi mai ciwo ce, ba 'yar shashanci ba, ni shaida ce. Amma Aishatu za ta sha yadda kika ce mata."

Ta daɗe tana kallon gwangwanin a cinyarta. A tsakar gida turmin Rabi na kife, kaji na tsattsagar dusa a gefensa.

"Ni na yi mata fifita," ta ce a hankali. "Ina jin daɗi tana barci."

Ta share ido da gefen mayafi, ta miƙa mini gwangwanin in kai wa Sista. Sannan ta nemi takalmanta. Ta ce ita za ta je gidan Aishatu ta karɓo, kuma da bakinta za ta faɗi dalili.