Labule a Bangon da Ba Taga

Tun da nake ɗinki ban taɓa jin inda ake rataya labule a bangon da ba taga ba sai a unguwarmu. Kuma ni na ɗinka su duka, daga gidan da ke bakin get har na ƙarshe da ke jikin tudu.

Bankin gidaje ne ya gina unguwar, gidaje iri ɗaya, fenti ɗaya, har baƙo kan yi sallama a gidan da ba shi ya nufa ba. Namu da kuɗin sallamar Malam muka biya rabi, sauran ana cira daga fanshonsa duk wata. Malam mijina ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, mutumin da in ya tsinci allura a titi sai ya bi gida-gida yana cigiyar mai ita. Ba mu da gona, ba mu da fili, 'ya'yanmu mata duk suna ɗakunansu suna fama da nasu. Gidan nan shi ne kaɗai abin da muka tara a duniya.

Da ƙofar banɗaki abin ya fara. Ta daina rufuwa, Malam ya ɗauko kayan aiki ya kankare gefenta, bayan ɗan lokaci ta sake cijewa. Sai tayil ɗin tsakar gida ya kumburo. Daga nan wani layi siriri kamar zare ya fito a bangon falo, daga sili ya gangaro ta bayan agogo. Kafin damina ta fita ɗan yatsana yana shiga ciki.

Ina cikin wannan zullumi matar Manaja ta aiko a kira ni. Manaja shi ne shugaban reshen bankin, shi ne kuma shugaban ƙungiyar mazauna unguwa, gidansa ne kawai mai bene. Na je da abin awona. Ta wuce da ni duk tagogin falon, ta tsaya gaban wani bango da aka jingina wa kabad.

"Nan za ki auna, daga sama har ƙasa, yadi mai kauri."

"Hajiya, ina tagar?"

"Ado ne. Yanzu haka ake yayi."

Da muka ture kabad ɗin na ga adon. Tsagar tasu ta ninka tamu, har iska ke shigowa ta ciki. Ta kalle ni, na kalli abin awona. Ta ce, "Mai Labule, na san ki ba ki da surutu."

Bayan ita sai matar likita, sai matar lauya, sai mai kantin magani. Kowace sai ta ja ni gefe ta ce kar in gaya wa kowa, alhali maƙwabciyarta jiya ta gama roƙona haka. Na ci kasuwa kuwa, ban taɓa ɗinki irin na shekarar nan ba, sai da na canza wa keke bel. Wanda ya ga laifina ya zo ya ciyar da ni.

Asiri ya fara tonuwa ne da rijiyar burtsatse ta unguwa ta karye daga ƙasa. Aka kira wata injiniya mai binciken ƙasa, ta yi kwanaki tana yawo da na'urorinta, sannan ta ce a tara mata masu gidaje. Aka taru a ajin makarantar yara, manya-manyan mutane a kan 'yan kujeru, gwiwa na taɓa haɓa.

Ba ta yi dogon Turanci ba. Ta haɗa tafukan hannunta, ta zame ɗaya a jikin ɗaya. Ta ce dutsen da ke ƙarƙashinmu ba guda ba ne, a tsage yake tun kafin a haifi kakanninmu, tsagar ta taso daga tudu ta ratsa tsakiyar unguwa ta wuce kogi. Ɓangare ɗaya yana zamewa a hankali. Ruwan da muke zuƙowa da nauyin ginin da aka ɗora sun ƙara masa sauri.

Wani ya ce, "To siminti nawa zai ci a toshe?"

Ta ce, "Baba, ba bangonka ne ya tsage ba. Abin da bangon ke tsaye a kai ne."

Ta ƙara da cewa an san da tsagar tun kafin a sa harsashi, waɗanda suka auna wurin sun faɗa. Nan Manaja ya miƙe ya yi mata godiya mai yawa, ya raka ta har mota, ya dawo ya rufe ƙofar ajin.

Wallahi mutumin nan ya iya magana. Ya ce mu 'yan uwa ne, ba zai ɓoye mana komai ba. Kowane gida a nan jingina ne a banki. Bankin ya kai jinginar nan ga asusun fansho ya karɓo kuɗi ya gina wata unguwa, ita ma ya jinginar ya gina wata. Ajiyar 'yan kasuwa da albashin ma'aikata da fanshon tsofaffi duk a kan darajar gidajen nan suke zaune. Ranar da mutum ɗaya ya firgita ya sayar da nasa da araha, ranar kowa zai gane, bankin ya rushe a kan kowa. Abin da yake roƙo kaɗan ne: kar wanda ya sayar, kar wanda ya yi magana a waje, kar motar kwasar kaya ta shigo get, har ya samo mana mafita daga sama.

Wa kuke tsammani ya fara miƙewa? Malam. Ya gyara hularsa ya ce shi ya yi alkawari, ba zai zama sanadin hana wani tsoho fanshonsa ba. Aka tafa masa. Ni ina daga baya, ban tafa ba.

Ba a yi wata ba wani dillali ya kawo mana mai saye, ɗan kasuwa ne da ke cikin gaggawa, yana son gida kusa da makaranta. Farashin da ya faɗa ya ishe mu mu biya banki mu sayi ɗan ƙaramin gida a cikin gari. Ko falon bai nemi shiga ba. Malam ya ba su ruwa suka sha, ya ce gidan ba na sayarwa ba ne.

Da suka fita na tare shi a ƙofa.

"Malam, kana da hankali kuwa? Arziki ya zo har gida ka ba shi ruwa ka sallame shi?"

"Na yi alkawari a gaban mutane."

"Alkawarin zai rufe mu in silin ya sauko?"

"In na sayar masa ban faɗa ba, na cuce shi. In na faɗa, na cuci unguwa. Ki bar ni in zauna inda ban cuci kowa ba."

"Ni fa? Ni ba kowa ba ce?"

Na ce to aƙalla ya bar ni in rufe tsagar falon da labule kamar kowa, ko baƙi sa daina kallo. Ya ce a gidansa ba za a lulluɓe bango ba, shi bai saba da ɓoye-ɓoye ba. Ranar na gaya masa maganganun da ban taɓa gaya masa ba tun aurenmu. Na ce gaskiyarsa ta ishe ni, na gaji da cin ta da miya. Ya ɗauki rediyonsa ya koma ƙofar gida.

Motar kwasar kaya kuwa ba ta taɓa shigowa get ba, wannan kam an cika alkawari. A but ɗin mota aka kwashe unguwar. Yau tukwane, gobe katifa a naɗe, jibi talabijin a cikin bargo. Sai ka ga gida da labulensa a rataye, amma igiyar shanya ba ko ɗankwali. Sai kuma wata safiya ka ga baƙuwar fuska tana share ƙofar tana maka ina kwana. Matar likita ta tafi, mai kantin magani ya tafi, lauyan da ya fi kowa tafa wa Malam shi ma ya tafi. Sababbin kuwa wa ya ba su rancen saye? Bankin nan dai.

Na riƙa kawo wa Malam labari, yana cewa zato ba kyau, wataƙila haya suka bayar. Har ranar da muka ga yara suna leƙe daga benen Manaja, shi da bai da ƙananan yara. Aka ce ai an yi masa canjin wurin aiki. Malam ya daɗe a tsaye yana kallon benen, sannan ya ce, "Ko sallama bai yi mini ba." Abin da ya dame shi ke nan, sallama!

Damina ta biyu ta tsaga titin unguwa gida biyu, har tayar babur na faɗawa. Wannan ba labulen da zai rufe. Masu ɗaukar hoto suka zo, rediyo ya faɗa, washegari gari ya kwarara bakin banki kowa na neman ajiyarsa. Malam ya je ya bi layi cikin rana, da tsofaffin abokan aikinsa, waɗanda ya ƙi sayar da gida don kar a hana su fansho. Kafin azahar aka ja ƙofar ƙarfe aka sa kwaɗo. Wata ya ƙare fansho bai zo ba, na bayansa ma haka. Ɗinki ya tsaya, don wanda bai ci ba ba ya neman labule. Sababbin maƙwabta kuwa ko gaisuwata ba sa amsawa, sun ji ko hannun wa ya ɗinka abin da ya rufe musu ido.

Malam ya rame, ya daina kunna rediyo. Maganin hawan jininsa ya koma sha yau a tsallake gobe. Tsagar falo ta kai in ana ruwa sai mun tara roba. Na daina yi masa gori, ba don na huce ba, sai don ba sauran wurin da zan soka.

Wata safiya ina tankaɗe ya zo ya tsaya a kaina, yana kallon ƙasa.

"Ki auna bangon nan."

Na ɗago. Ya ce dillali ya yi waya, akwai wani daga nesa da ke neman gida a unguwar, zai zo gobe. Ya sake cewa, a hankali, "Ki sa mai kauri."

Abin da na yi shekara ina roƙo ke nan, amma wallahi da na ji shi daga bakinsa sai na ji kamar an mare ni. Na ɗauko ragowar yadin gidan Manaja, mai ruwan zuma, na yi masa ninki mai kyau. Shi ya hau kujera ya kafa ƙarfen da hannunsa, ni ina riƙe da kujerar.

Mutumin ya zo da hantsi, matashi ne mai fara'a, da 'yar guduma a aljihu. Ya ƙwanƙwasa ƙofar falo, ya girgiza ƙarfen taga, ya daɗe yana kallon rufi. Malam yana biye da shi, ya sa rigarsa ta fita. Da suka zo gaban labulen, mutumin ko kallonsa bai yi ba. Ba wanda ya tambayi Malam komai. Shi da kansa ya share murya ya ce:

"Ginin lafiya lau yake. Mu tsagar ba ta biyo ta gidanmu ba."

Na ji maganar ta fito masa da ƙyar, kamar ana zare ƙaya. Mutumin ya juyo ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa tsoho in ya yi abin yara. Ya sa hannu ya yaye labulen, haske ya shigo ta tsagar ya sauka a kan tabarma.

"Haba Baba, ai da ba ka wahalar da kanka ba. Duk ƙasar nan wa bai san unguwar nan ba? Ni ba bango na zo saye ba. Kwanon rufi nake saye, da ƙofofi da tagogi. In mun daidaita, jibi yarana su zo su kwance."

Ya faɗi farashin, kuɗin da bai kai hayar shekara a ɗaki ɗaya ba. Ya ce mu yi shawara, ya fita duba ƙofar get.

Malam ya zauna a kan kujerar da ya taka jiya. Na buɗe baki in ce wani abu, ban san me ba. Ya ɗaga mini hannu.

"Kin ji ni ai," ya ce. "Ko tambayata bai yi ba."