Igiya Ta Taɓa Shi

Shekara goma sha huɗu ina yanka kwaɗi a ɗakin gwaji na wata makarantar koyon aikin lafiya a cikin garin Abuja, ban taɓa jin kunyar aikina ba sai ranar sunan 'yar yayana Sadisu. A gaban baƙi ya nuna ni da baki, ya ce ga ƙanwarsa Batulu, mahauciyar kwaɗi mai digiri. Aka yi ta dariya har wani ya ƙware da zoɓo. Ni kuwa ba a taɓa ni in ƙyale. Na ɗauki jakata na bar masa shinkafarsa. Wata huɗu ban taka ƙauyen da yake noman doya a bayan Kwali ba, ban kuma kira shi ba, alhali lokacin ne wayar hannu ta fara yawa, kowa neman dalilin latsa ta yake yi.

Ranar wata Talata da hantsi ina shirya wa ɗalibai gwajin da na fi so. Ana cire tsokar ƙafar kwaɗo tare da farar jijiyarta, a jiƙa ta da ruwan gishiri, a taɓa jijiyar da ɗan lantarki, sai tsokar ta zabura. Kullum bayanina ɗaya ne. Kowace ƙwayar halitta tana da tantani siriri da ya raba gishirin cikinta da na waje. A jikin tantanin akwai ƙofofi. Idan suka buɗe, gishirin waje ya kwararo ciki, sai maƙwabtansu su ma su buɗe, a haka saƙo yake gudu har ƙarshen jijiya. A nan akwai 'yar tazara, sai jijiyar ta fesa wani ruwa ya haye ya ƙwanƙwasa ƙofar tsoka. Kwaɗo da akuya da shugaban makaranta duk haka suke motsi. Wannan maganar ta ƙarshe ita kaɗai ɗalibai ba sa mantawa.

Ina tsaka da jera kwanoni wayata ta yi ƙara.

"Anti Batulu, James ne, maƙwabcin oga Sadisu. Igiya ya taɓa shi a gona. Iyatu ya ce ki zo."

Iyatu matar yayana ce. James kuwa Bagwari ne, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" yake ce musu.

Na ce, "Igiya?"

"Eh, a ƙafa. Amma ba jini, ba kumburi. Yana magana ma."

Layin ya yanke. Na gaya wa kaina ai igiyar akuya ce ta harɗe shi ya faɗi, James ne ya kasa jera zancen. Mutumin da ya iya yi wa ƙanwarsa ba'a a gaban jama'a ai ya iya kwance igiya da kansa. Na sa wayar a aljihun farar rigata na kira ɗalibai su shigo.

Awa biyu muka yi. A ƙarshen gwajin akan ɗiga wani magani mai toshe ƙofar tsoka. Na ɗiga, muka jira, na taɓa jijiyar da lantarki. Tsokar ba ta motsa ba. Wata ɗaliba ta ce, "Malama, ta mutu ke nan?"

Na ce, "Ba ta mutu ba. Saƙo yana zuwa, ƙofa ce a toshe. Haka dafin gamsheƙa yake yi. Tunku ne kawai yake sha da sauƙi, don tasa ƙofar ba irin tamu ba ce, dafin ba ya samun wurin zama."

Ina rufe baki maganar James ta dawo mini. Mahaifiyarmu har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran maciji da sunansa ba, sai dai ta ce igiya. Na bar ɗalibai da kwaɗinsu na fita ko rigar aiki ban cire ba.

Tasi na ɗauka shata. Tifofin yashi da tsakuwa masu ciyar da gine-ginen birni sun cika hanya, direba yana ta ba ni labarin sabon otal ɗin da ake ginawa, ni kuwa ina ƙirga awowi. Da muka wuce Gwagwalada na ƙirga huɗu tun daga sarar.

Na tarar da mutane a tsakar gidan. Yaya Sadisu yana kwance a tabarma ƙarƙashin mangwaro, an ja masa zane har ƙirji, idanunsa a rufe, yawu yana bin gefen bakinsa. Iyatu ta riƙe ni tana kuka, tana ba ni labari a gutsure. Su kububuwa suka sani a yankin, mai sa ƙafa ta kumbura, jini ya riƙa fita ta dasashi. Da suka duba ba ko ɗaya sai suka gode wa Allah. Da ƙafarsa ya dawo gida, har kunu ya sha. Daga baya fatar idonsa ta riƙa sauka, suka ce gajiya ce. Sai harshe ya yi nauyi. Suka ɗura masa jiƙo, ya ƙi wucewa.

Malam Bello, limamin 'yan tsirarun Musulmin ƙauyen, ya ce mini cikin taushi, "Sai haƙuri, 'yata. Rai ya yi halinsa. An tafi Kwali sayo likkafani, muna so a yi sutura kafin la'asar."

Na durƙusa na sa yatsu biyu a wuyan yayana, na ji jini yana bugawa da sauri. Zuciya ba ta jiran irin wannan saƙon, da kanta take bugawa, na sha ganin ta kwaɗo tana yi a cikin kwano. Ƙirjinsa a tsaye yake, amma da na ɗaga rigarsa na ga cikinsa yana ɗan ɗagawa kaɗan. Dafin daga sama yake sauka, ido, maƙogwaro, ƙirji. Ƙafa ce ƙarshe. Na yaye zanen.

"Yaya, Batulu ce. In kana ji na, motsa yatsan ƙafarka."

Babban yatsansa na hagu ya lanƙwasa, ya miƙe. Iyatu ta zube a ƙasa. Malam Bello ya ja da baya yana salati.

Na ce, "Kowa ya iya bakinsa. Dafin nan ba ya taɓa kunne, ba ya taɓa hankali, ba ya sa barci. Duk abin da kuka faɗa tun ɗazu ya ji shi." Raina a ɓace yake, kuma na ji daɗin samun waɗanda zan sauke wa.

James ya kawo a-kori-kurar da yake kai doya kasuwa. Muka shimfiɗa yaya a baya, Iyatu ta shiga gaba, ni na zauna a kansa. Ba mu kai bakin kwalta ba cikin nasa ya daina ɗagawa, leɓɓansa suka fara yin toka-toka. Na share masa baki da gefen rigata, na ɗaga haɓarsa, na toshe hancinsa, na hura masa iska. Ƙirjin ya tashi. Na ƙirga biyar na sake hurawa. Masu tallan rogo a bakin hanya suka bi mu da kallo, mace ta kifa baki a kan na namiji da rana tsaka, ban ko kula su ba.

Tsoro ne ya kwance mini harshe. Tsakanin hurawa da hurawa na riƙa magana, ban san ina yi ba sai da na yi nisa.

"Na sani, yaya. Tun da James ya ce igiya na san wace igiya ce. A ɗaki ɗaya Inna ta raine mu. Haushinka nake ji, na ce bari ka ɗan jira. Awa biyu na bar ka saboda maganar kwaɗi."

Na hura, na ƙirga biyar, na sake faɗa. Har muka shiga ƙofar asibiti a Gwagwalada ina yi.

Suka sa masa bututu a maƙogwaro, suka haɗa shi da injin numfashi, suka yi masa allurar maganin dafi. Likitan ya ce da an kawo shi awa biyu kafin haka da ƙila ba a kai ga injin ba. Na ce masa haka ne. Kwana huɗu ina zaune a benci, in an ba ni abinci in karɓa in ajiye.

Ranar Asabar da safe aka cire bututun. Muryarsa ta dushe, amma bakin nan nasa yana nan yadda na san shi. Ya kwashe labari kaf yana ba mu. Ya ji lokacin da Malam Bello ya shafa masa ido. Ya ji ana gardamar yadi nawa zai ishe shi, wani yana cewa ai Sadisu ba shi da tsawo. Ya ji Iyatu tana cewa wa zai cire doyar bana. Ya ce yana ta ihu a cikin kansa, ko gashin ido ya ƙi motsi. James ya yi dariya har da hawaye, Iyatu ta rufe fuska da mayafi.

"Sai ga muryar mahauciyar kwaɗi," in ji shi. "Ban taɓa jin daɗin faɗanki ba sai ranar."

Daga nan ya tsallaka zuwa fitilun asibiti da sanyin bututu. Na jira ya koma baya, bai koma ba. Da su Iyatu suka fita neman ruwan zafi na matsa kusa da gadon.

"Yaya, a mota fa? Me ka ji?"

Ya juyo ya dube ni.

"A mota barci na yi, Batulu."

Shekara goma sha huɗu ina koya wa 'ya'yan mutane cewa wannan dafin ba ya sa barci, kuma yana kwance a tabarma ya ji na faɗa da bakina. Na gyara masa zanen a ƙafa, na ce Allah ya ƙara sauƙi. Ya ce amin.